Ranar da Magagi Ya Ja Surukinsa Zuwa Gadar Dutse

Duk Filingue babu wanda bai san Magagi ba, kuma babu wanda ya taɓa kama shi yana cewa bai sani ba. Ka tambaye shi maganin ciwon raƙumi, ya sani. Ka tambaye shi abin da ke hana jirgin sama faɗowa, sai ya gaya maka har da sunan ƙarfen. Ya yi kiwon agwagi a unguwar da sai an yi layi ake samun ruwan sha, ya yi gyaran rediyo har rediyoyin unguwa suka yi shiru gaba ɗaya. Wannan karon kuwa ya rantse ya samo sana'ar da za ta fitar da shi kunya: zai zama jagoran masu yawon buɗe ido, abin da shi yake kira "gid" da bakin Faransanci.

Abin ya faro ne a fadar shayin Bashir, taubashinsa, a bakin tasha. Mushe Abdurrazak (Mushe muke ce wa malamin boko), malamin kwaleji mai koyar da labarin ƙasa, shi ya nuna musu wasu Turawa a wayarsa, can wata ƙasa mai nisa. Sun goya jakunkuna suna ratsa kwazazzabai cikin rana, ba akuyarsu ce ta ɓata ba, so kawai suke su ga dutsen da ruwa da iska suka huda har ya zama gada.

Magagi ya leƙa wayar ya taɓe baki. "Wanga shi na abin kallo? Muna da irinai nan cikin duwatsun Dallol, ya hi wanga nesa ba kusa ba. Ni da nih hau bisanai har barci niy yi."

"Kai da ko bisa rumbu ba ka hawa sai an riƙe maka tsani?" in ji Bashir.

"Rumbu daban, dutsi daban. Rumbu motsi shi kai."

Gaskiyar magana ita ce Magagi bai taɓa ganin gadar ba. Wani makiyayi ya taɓa ji yana ambatonta a kasuwar dabbobi, ya nuna gabas da sandarsa, iyakar ilimin ke nan. Amma kafin shayi na uku ya sauka, Magagi ya riga ya tsara komai. Turawa sun daina zuwa tun da hanya ta ɓaci, to zai fara da ma'aikatan gari, in duniya ta lafa Turawan su tarar da shi ya yi suna.

Washegari ya ɓalle ƙyauren ɗakin girkin matarsa Balkisa, ya shafe shi da shuɗin fenti, ya rubuta GID da manyan baƙaƙe, ya kafa a bakin tasha. Kafin azahar awakin maƙwabta sun shiga ɗakin girkin sun cinye garin tuwo, sun fasa tukunyar miya, ɗaya ma ta fito da kanta a cikin kwando. Balkisa ba ta yi faɗa ba. Mayafinta ta ɗauka ta nufi gidan ubanta.

Nan wasa ya ƙare wa Magagi. Duk cika bakinsa yana son Balkisa, so na gaske, kuma gidan da babu ita ya zame masa kango. Da yake kunya ba ta barin mutum ya je gaban surukinsa ya yi ta zuba, sai ya aiki Bashir biko.

Alhaji Yahaya, uban Balkisa, tela ne da ya tsufa a kan keken ɗinki har ido ya rage ya bar wa almajiransa shagon. Mutum ne mai tsadar magana. Ya saurari Bashir har ya gama, sannan ya ce, "Ɗiyata ba ta komawa gidan da babu sana'a. Agwagi na gani, rediyo na gani. Yanzu kuma mi?"

"Gid na, Alhaji. Shi ka kai mutane kallon gadad dutsi."

"Wa yag gina ta?"

"Allah."

"To abin da Allah yag gina ba a ƙin kallonai. Ran Lahadi da ni za a tahi. In ya kai mu, yarinya ta koma ɗakinta ranan nan. In bai kai mu ba, kak ka sake zo min biko."

Da Bashir ya kawo saƙon, Magagi ya bugi ƙirji ya ce ai an gama, a gaya wa Balkisa ta fara ɗaure kaya. Bashir yana fita, Magagi ya zauna a bakin gado ya yi tagumi, don gabas da faɗi take.

Ran Lahadi da sassafe, ranar kasuwar gari kuma ranar hutun ma'aikata, aka taru a bayan gari. Mushe Abdurrazak ya zo da wayarsa cike da caji. Madam Hafsat, ungozomar asibiti, ta zo da lema. Bashir ya rufe shayinsa ran kasuwa guda, ya ce wannan kallon ya fi ciniki. Magagi kuwa ya fito da shiri: sababbin takalman baskit, hular malafa, jakar goyo, jarkar ruwa naɗe da jiƙaƙƙen buhu, da usur rataye a wuya. Yana cikin yi musu bayanin dokokin tafiya sai ga Alhaji Yahaya da sandarsa, Balkisa na biye da shi ɗauke da ƙullin abinci, ko kallon inda mijinta yake ba ta yi ba.

Mu nan Kurfai, wato yankin Filingue, kowa ya san yadda ake yi da suruki. Ba a tsaya masa a kai da takalmi, ba a shiga gabansa a hanya, ba a ci ba a sha a kan idonsa, ba a ce masa ya yi kuskure. Shi ma surukin ba ya kallon mijin 'yarsa, ba ya kama sunansa, magana sai ta bakin wani. Mun gaji abin, muna taƙama da shi, kuma babu wanda a cikinmu ya taɓa zama ya yi tunanin yadda za a yi jagorancin tafiya da shi.

Magagi ya tuɓe baskit ya durƙusa ya gaida Alhaji. Alhaji ya amsa yana kallon wata bishiya. Magagi ya jira a ce masa ya mai da takalminsa, amma wanda ba ya kallonka ina zai san ƙafarka tsirara take? Da ya ga shiru, sai ya ƙulle igiyoyin takalman ya rataya su a wuya kusa da usur.

"Gid, takalmin na wuya na?" in ji Madam Hafsat.

"Haka manyan gid ka yi Agadas, Madam. Ƙahwa ita ka karanta ƙasa."

"To bisimilla, shiga gaba," in ji Mushe.

Magagi ya dubi gaba, ya dubi surukinsa. "Bashir, ce ma Baba shi wuce."

Haka aka kama hanya: Alhaji a gaba, sai Balkisa, sai Mushe da Madam, sai Bashir, sai jagora can ƙarshe yana hura usur. Da suka fita daga gonakin da aka girbe, ƙarangiya ta tarbe su. Kaka ce, ta nuna ta bushe, kuma kamar ta san mai zuwa. Masu takalmi suka wuce abinsu, Magagi kuwa sai da ya taka kowace tsiro a hanyar nan. Yana tafe yana ɗaga ƙafa kamar kazar da ta shiga ruwan zafi, in Madam ta waiwayo sai ya daidaita tafiya ya yi murmushi.

"Mi ƙahwar tak karanta?" Bashir ya tambaye shi a hankali.

"Ta karanta cewa kai ɗan banza na."

Ba a jima ba suka iso gindin duwatsu, inda hanya ta rabu biyu, kowace ta shige cikin nata kwazazzabon. Alhaji ya tsaya ya dogara sanda. "Bashir, tambaye shi, ina munka nuhwa?"

Magagi bai san ko ɗaya ba. Sai dabara ta faɗo masa, wadda a lokacin ya ɗauka ita ce mafi kyau da ya taɓa yi a duniya. Ai tsoho ne, haihuwar garin nan, ina za a ce bai san duwatsun garinsu ba? Ya rusuna ya ce, "Ce ma Baba, dut inda yas sa ƙahwa nan na hanya."

Alhaji ya ji wannan ya fahimci abu guda: yaron nan ya san hanya, ladabi ne ya hana shi nunawa, in an kauce zai yi magana. Shi kuwa Alhaji, tun da aka haife shi bai taɓa ganin duwatsun nan ba sai ta tagar motar Yamai. Ya zaɓi hagu don ta fi inuwa. Magagi ya ga an zaɓi hagu ba tare da wata-wata ba, ya yi ajiyar zuciya ya hura usur. "Hagu! Daidai!"

Kwazazzabon dai ba a raina shi ba. Bango ne ja a dama, ja a hagu, ya miƙe sama har sai ka riƙe hula kafin ka ga ƙarshensa, jikinsa layi-layi, wani ja wani ruwan ƙasa wani fari-fari. Ƙasa kuwa yashi ne mai laushi da ruwan damina ya shimfiɗa ya tafi. In ka yi tari sai dutsen ya mai da maka. Mushe ya rikice da murna, yana ɗaukar hoto yana shafa bango.

"Gid, wane irin dutsi na wanga?"

"Namiji na, Mushe. Matan suna gaba."

"A'a, nuhina, shekarunai za su kai nawa?"

Magagi ya rage murya don kada a ji a gaba. "Ya girmi Baba, amma ba da yawa ba."

Suna tafiya bangon na matsowa, har ya zama mutum ɗaya-ɗaya ake bi. Can sai Alhaji ya tsaya cik. Dutse ne a gabansa, ya toshe hanya tun daga ƙasa har sama, babu komai a wurin sai kashin awaki.

"Bashir, tambaye shi, wagga ita ta gadar?"

"Ce ma Baba wanga ɗakin jira na. Kowane gid nan shi ka hwara kawo baƙi, su ga inda babu gada, don in sun ga gadar su san darajatta."

"Mun gani, mun gode," in ji Madam Hafsat. "A juya."

Aka juya. Juyawar nan kuwa ta haifi sabuwar masifa, don na ƙarshe ya koma na farko. Magagi ya tsinci kansa a gaban kowa, har da surukinsa, a wurin da ba a iya gittawa. Ya duba dama bango, ya duba hagu sai wata sarƙaƙiya da ta fito daga tsagar dutse. Bai tsaya shawara ba, ya rufe ido ya shige cikinta da baya, ya durƙusa. Aka wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya wuce yana kallon sama. Balkisa ta wuce ta ja bakin mayafi ta toshe bakinta, kafaɗunta na rawa. Sai da Bashir ya jawo shi da ƙarfi sannan ƙayar ta sake shi, ta riƙe malafar da rabin bayan rigarsa.

Kwazazzabo na biyu ya kai su na uku, na uku ya kai su wani da ya yi kama da na farko. A kowace mararraba Alhaji zai tambaya ta bakin Bashir, Magagi zai amsa cewa Baba ya fi shi sani, Alhaji zai zaɓi inuwa, Magagi zai hura usur. Rana ta take tsaka. Yashin da ke da laushi da safe ya zama garwashi, jagora ya koma tsalle daga inuwar wannan dutse zuwa ta wancan.

Aka yada zango a gindin wata aduwa. Bayan an yi azahar Balkisa ta kwance ƙulli: kwabto ne na zogale da ya sha ƙuli da albasa, ga goran hura mai sanyi. Kowa ya sa hannu. Magagi ya koma gefe ya juya baya, maƙogwaronsa ya bushe har harshe na manne wa ganda.

"Gid, ba ka ci?" in ji Mushe.

"Ba ni ci bakin aiki. Da Buzaye niy yi horo, mu sai rana ta hwaɗi muka shan ruwa."

"Ashe jarkarka ba ta da amfani gare ka," in ji Bashir, ya miƙa hannu ya ɗauke ta. Aka zagaya da ita, aka sha, Madam ta wanke fuska, Alhaji ya ƙarasa sauran a butarsa. Magagi na jin ƙarar ruwan nan yana zuba, ya ce a ransa, kai dai Magagi Allah ya yi jaki, ga ruwanka ga bakinka ka sa Buzaye a tsakani.

Da za a tashi, Balkisa ta zo wucewa ta bayansa kamar mai neman wurin zubar da ruwan wanke hannu. Ya ji an sa masa abu a jakar goyo. Ya laluba da hannu ta baya, ya ji ɗan gora ne da ƙullin leda mai laushi. Sai da hawaye suka kusa zubo masa, in da akwai ruwan yin su a jikinsa.

La'asar ta kawo jiki, suka iso wata mararrabar. Wannan karon Alhaji bai dogara sanda ba, zama ya yi a kan dutse. "Bashir, tambaye shi, saura nisa nawa?"

"Ce ma Baba, yadda yag gani."

"Ni ban ga komi ba!" Muryar Alhaji ta tashi har dutse ya amsa. "Ni tela na. Ban taɓa sa ƙahwa cikin duwatsun ga ba sai yau. Shi nika bi tun sahe!"

Mushe ya sauke wayarsa. Madam ta naɗe lema a hankali kamar mai shirin duka da ita.

"Alhaji, kai ka bin shi?" in ji Bashir. "Ai shi kai shika bi."

"To mu wa muka bi?" in ji Madam.

Duk da haka bakin Magagi bai mutu ba. "Kowa shi kwantar da hankalinai. Gadar tana nan kusa, ƙamshinta nika ji. Ku dakata nan in hau in duba iska."

Ba iska zai duba ba. Gora ne a bayansa, kuma ya kai inda in bai sha ba zai faɗi. Ya kama wata 'yar hanyar awaki da ta hau gefen dutse. Ya samu wani lungu ya tsuguna, ya waiwaya, sai ya hango jar hular Alhaji. Ya ƙara hawa. Ya sake waiwayawa, ga hular dai. Ya ci gaba da rarrafe, gwiwa da hannu, ba ya kallon komai sai inda zai dafa, har ya zagaya bayan wani ƙaton dutse ya fito kan wani shimfiɗaɗɗen falalen dutse mai iska. Ya duba baya, babu hula. Ya ƙara jan gindi gaba kaɗan don ya tabbata, ya zauna ya miƙe ƙafafu, ya cire murfin gora.

Abin da bai sani ba shi ne, yana ɓacewa mutanensa suka ji kukan jaki. Alhaji ya miƙe ya ce shi dai jakin nan zai bi, ko ba komai jaki ya san gidansu. Suka sha kwana ɗaya, sai kwazazzabon ya buɗe, suka faɗo kan wata babbar turba cike da 'yan ƙauyukan gabas masu komawa gida daga kasuwa, da jakuna da amalanke da mata ɗauke da ƙorai. A bisa turbar kuwa, daga wannan bango zuwa wancan, ga ta nan.

Gada ce ta jan dutse, ta lanƙwasa a sama ta fi kowane gawo tsayi, babu ginshiƙi babu siminti, rana ta bugi gefenta ta yi jajawur, sararin sama na leƙowa ta ƙarƙashinta. Mushe ya cire tabarau ya goge ya mayar. Alhaji ya ce, "Tabarakallah." Ya daɗe bai sauke kai ba.

A tsakiyar gadar, can ƙololuwa, ga mutum zaune da yagaggiyar riga da takalma a wuya, ya kafa gora a baki, hura na bin gemunsa, ɗaya hannun cike da kwabto.

"Wane na wancan?" in ji wata tsohuwa mai jaki.

"Gid na," in ji Bashir da ƙarfi. "Da Buzaye yay yi horo."

Magagi ya ji sunan sana'arsa daga wani wuri da bai kamata murya ta fito ba, wato daga ƙarƙashinsa. Ya leƙa dama, babu ƙasa. Ya leƙa hagu, babu ƙasa. Ya leƙa tsakanin ƙafafunsa, sai ga jar hula, a ƙarƙashinta ga idon surukinsa, karo na farko tun da aka ɗaura aure, suna kallonsa tar, shi kuwa kumatu cike da zogale.

Bai san wanne ya fi ba, tsayin ko kunyar. Ya yi ƙoƙarin durƙusawa ya yi gaisuwa, gwiwa ta ƙi. Ya yi ƙoƙarin haɗiye lomar, ta ƙi. Goran ya suɓuce ya yi ta juyawa a iska har ya fashe a gaban wani jaki. Duk da haka sai da ya tattaro sauran muryarsa ya ɗaga hannu ɗaya. "Jama'a, ga gadar! Kamar yadda nic ce!"

Iska ta ɗan kaɗa. Hannun ya koma da sauri, Magagi ya kwanta rub da ciki ya rungume dutsen.

Turba ta tsaya cak. Amalanke suka yi layi, na baya suna tambayar na gaba ko mutuwa aka yi. Wani ya ce mahaukaci ne, wata ta ce a'a mahaukaci ba ya hawa nan, ya fi haka hankali. Tsohuwar mai jaki ta ce su kowace kasuwa ta nan suke bi, ba su taɓa ganin ko akuya a kai ba. Mushe ya tambaye ta ko gari da nisa, ta nuna da haɓa ta ce in ya yi shiru zai ji injin niƙa. Suka yi shiru, suka ji shi. Mu mutanen gari mun san kowane rami a hanyar Yamai, amma bayan dutsenmu sai 'yan ƙauye sun nuna mana.

"Sauko, gid!" in ji Bashir. "Ko nan ma barci za ka yi?"

"Ina nazarin dutsin na!"

"Da ido ruhe?"

Sai Alhaji Yahaya ya matso tsakiyar turba ya ɗaga kai. Bai nemi Bashir ba. "Magagi!"

Jin sunansa a bakin surukinsa ya fi iskar girgiza shi. "Na'am, Baba."

"Sauko."

"Ba ni iyawa, Baba."

"Ka taɓa zuwa wurin ga?"

Kasuwa guda ta kasa kunne. Magagi ya nemi ƙarya a duk inda ya saba ajiye ta, ya tarar babu ko ɗaya da ta biyo shi sama. "Yau nih hwara, Baba."

Dariyar da aka yi sai da tantabarun dutse suka tashi. Wani mutum da ya sayo sabuwar igiyar rijiya a kasuwa ya ce a gwada ta. Samari suka hau ta hanyar awakin, suka ce ya ja da baya yadda ya zo, ya ce ai da ya zo bai san inda yake ba, yanzu kuwa ya sani. Dole suka ɗaure shi ta hammata, suka ɓamɓare yatsunsa daga dutsen ɗaya bayan ɗaya, suka zuro shi ƙasa kamar buhun hatsi. Yana saukowa yana juyawa, in ya fuskanci Alhaji ya ce "Baba, sannu da rana," in ya juya ya yi salati, Mushe kuwa na ɗauka da waya yana cewa don darasi ne.

Da ƙafarsa ta taɓa yashi bai miƙe ba, a durƙushe ya zauna. Ya saci kallon Balkisa, ya ga ita ba dariya take ba, hannunta na kan ƙirji tun ɗazu. Ya jawo rigar Bashir ya raɗa masa, "Ce ma Baba, ai dai an zo gadar."

"Ba sai ya ce min ba, na ji," in ji Alhaji. "Ba kai kak kawo mu ba. Kai ƙishirwa tak kawo ka, mu jaki yak kawo mu. Sana'a kam ba ka da ita, wagga ma ta bi agwagi."

Magagi ya sunkuyar da kai. Ya san hukuncin daidai ne. Ya tuna gidansa babu Balkisa, ya ji da ma an bar shi a saman.

Alhaji ya daɗe yana kallonsa, tun daga ƙafafun da suka kumbura da ƙaya har zuwa busasshiyar hurar da ke gemu. Sannan ya juya wajen 'yarsa.

"Ke, in mun koma ki tattara kayanki ki tahi ɗakinki. Wanga in an bar shi shi ɗai, ba shi kai damana."

"Baba, ai shi yas sa nib biyo ku," in ji Balkisa.

An zagi Magagi a Filingue iri-iri, kuma bai taɓa barin zagi ya kwana bai rama ba. Wannan kuwa, a gaban kasuwa guda, da igiyar rijiya a hammata, ya ɗaga kai fuskarsa cike da murna.

"Gaskiya ta, Baba," ya ce. "Wallahi ko bazara ba ni kai."